Baƙin Mai a Tafin Baba

Auta ba ta san yadda aka yi ta sauko daga benen makarantar ba. Ta dai tsinci kanta a ƙasa, ƙaton littafin sassan jiki manne a ƙirjinta, igiyar takalminta ɗaya ta kwance tana jan ƙasa.

Shugabar makarantar koyon aikin jinya ce ta tara 'yan ajin ƙarshe da safiyar nan. Duk wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa, ta biya masa kuɗin makaranta da na abinci da na fararen kaya, ya san sharaɗin tun ranar farko: in ya gama za a tura shi asibitin da babu ma'aikata, ya yi wasu shekaru a can. Wannan tsohon labari ne. Sabon shi ne abin da Shugaba ta ƙara a ƙarshe, tana leƙensu ta saman tabarau. Ta ce waɗanda suka yi aure, ko iyayensu suka tsayar da magana kafin a yi rabon wuraren aiki a ƙarshen wata, wuri ɗaya za a tura su. Gwamnati ta gaji da a tura miji gabas a tura mata yamma, kafin a je ko'ina duk su tattaro kaya su gudo, asibiti ya koma kango.

Ai kafin ta rufe baki aji ya kaure. Abin da ya sa Auta ta ji kamar ta shige ƙarƙashin benci shi ne, duk wanda ya yi shewa ita yake juyowa ya kalla.

Wanda ake kallonta dominsa ba ya ajin. Ranar aikinsa ce a ɗakin kwantar da maza, can ta nufa.

Agogo suke ce masa, saboda ɗan agogon nan da ma'aikatan jinya ke maƙalawa a ƙirji. Kowa a ajin yana da irinsa, amma shi ko gaishe shi ka yi sai ya duba kafin ya amsa, kamar a jikin agogon aka rubuta amsar. Shi ma da tallafin gwamnati yake karatu. Tun shekarar farko suke zama benci ɗaya a ɗakin karatu, kuma tun shekarar farko ba wanda ya yarda cewa karatu kawai suke yi.

Ta same shi a bakin famfo yana wanke hannu. Ta fara ba shi labarin daga ƙarshe, ta koma tsakiya, ta haɗa da tabaran Shugaba, har sai da ya ce ta yi numfashi ta sake daga farko. Da ya gane, ya tsaya da kumfa a hannu, ruwa na zuba. Ya duba agogonsa. Ya sake dubawa.

"Ki faɗa wa Baba ina nan zuwa gaishe shi," ya ce.

"Yaushe?"

"Da ba ni da mutane kwance a gado, da yanzu."

Dariyar da ta ƙwace mata ce ta sa Babbar Sista, shugabar ɗakin, ta leƙo daga ofishinta tana tambayar ko an buɗe gidan biki ne a ɗakinta ba ta sani ba. Auta ta rungume littafinta ta arce, igiyar takalmin na binta a baya.

*

Gidansu ƙarami ne, a bayan garejin Baba yake, ƙofa ɗaya ta raba su. Umma ta daɗe da sanin zancen, don ba yau ta fara ganin Auta na yi wa littafi murmushi ba. Ita ta kai wa Baba maganar. Baba ya yi kamar bai ji ba, can ya ce yaron ya zo ranar da ba ya aiki.

Baba bakanike ne tun kafin a haifi Auta. Baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa da ƙarƙashin faratansa, irin zaman da ba sabulun da zai tashe shi. Akwai tsumma a aljihunsa kullum, ko kofin shayi ya ajiye sai ya zaro ya goge hannu. In masu fararen kaya suka kawo gyara suka miƙo masa hannu, dunƙule nasa yake yi ya ba su wuyan hannu. Auta ta taso tana ganin haka, ba ta taɓa tambayar dalili ba, don ta sani.

Ranar da baƙo zai zo, Baba ya rufe gareji tun rana na tsaka. Ya jawo kujera ya zauna a bakin famfo da sabulun wanki, da yashi, da lemun tsami, da wani tsohon buroshin haƙori. Ya dirje, ya ɗauraye, ya ɗaga hannun ya duba a hasken rana, ya sake komawa. Yayar Auta, wadda ta baro gidan mijinta musamman don kada a ba ta labari, ta tsaya a kansa tana tambayar ko shi aka zo gani. Baba ya ce in ba ta bar wurin ba, zai dirje bakinta da buroshin. Umma ta juya baya tana gyaran labule, kafaɗunta na girgiza.

Auta kuwa ta sauya kaya, ta sake sauyawa, ta koma na farko. Ta ƙona hannu a tukunyar shayi ba ta ma ji ba.

Gwaggo, yayar Baba, ta iso ba a gayyace ta ba, ta zauna a kusurwar falo ta ce ita kallo kawai ta zo yi.

Agogo ya yi sallama sanye da rigar da ba a taɓa ganinsa da ita ba, guga ta kama ta har tana sheƙi. Auta da Yaya suka laɓe bayan labule, kai bisa kai. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya gaida Umma, ya matsa gaban Baba. Sai Auta ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Baba ya buɗe tafinsa gabaɗaya, jajir saboda dirza, ya miƙa.

Agogo ya karɓa da hannu biyu. Auta ta matse hannun Yaya har Yaya ta make ta.

Baba ya ce ya zauna. Ya tambaye shi mutanen gida, ya tambaye shi karatu, Agogo na amsawa a natse, kansa a ƙasa. Komai na tafiya daidai, har Gwaggo ta fara sassauta fuska. Yana cikin ba da labarin mahaifinsa ne Auta ta ga hannunsa na dama ya shiga aljihu.

Ta san abin da ke cikin aljihun. Ta damƙe labulen.

Ya zaro 'yar kwalbar sanitaiza, maganin kashe ƙwayoyin cuta a hannu, bai ko kalle ta ba, bai daina magana ba. Ya matsa a tafinsa. Ya murza ciki, ya murza baya, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kama babban yatsa ya murɗa, daidai yadda aka koya musu. Ya mayar da kwalbar aljihu yana murmushi.

Warin maganin ya cika falon.

Baba ya dubi hannunsa. A hankali ya dunƙule shi, ya cusa ƙarƙashin rigarsa. Ya ce akwai motar da ya yi alƙawarin gamawa yau, ya miƙe ya fita ta ƙofar gareji, da sabbin kayan a jikinsa.

*

Gwaggo ba ta bari ƙurar baƙon ta kwanta ba. Ta ce ita dama tun da ta ji namiji ne da aikin kwasar fitsari ta san da wata a ƙasa. Ta ce yaro da wuyansa kamar mariƙin cokali, shi ne har zai yi ƙyamar hannun ƙaninta, a cikin gidan ƙaninta, a kan kujerar ƙaninta. Umma ta ce a yi haƙuri a bi a hankali, Gwaggo ta ce bin a hankalin ne ya kawo su nan.

Da Auta ta kira shi a waya tana kuka, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne murnar da ke muryarsa. Shi a ganinsa komai ya tafi lafiya, har yana tambaya ko Baba ya gama motar. Da ta gaya masa abin da ya yi, ya ce, "Na yi me?" Can ta ji yana salati a hankali.

Washegari ya je gareji ba da haƙuri. Baba na hango shi ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Agogo ya durƙusa ya yi wa ƙafafun bayani har rana ta juya, ba su motsa ba. Lokacin aikinsa ya yi, dole ya tafi.

Kafin mako ya zagayo Gwaggo ta kawo nata manemin. Mai Kemis ne, ɗan ƙawarta, mai shagunan sayar da magani a bakin titi, yanzu kuma yana gina ɗan asibitinsa a saman ɗaya daga ciki. Ya zo da mota mai sanyi da turare mai ƙarfi. Ya kama hannun Baba daga shigowarsa, daga ƙarƙashin mota ma ya jawo shi, ya riƙe yana jijjigawa kamar ba zai saki ba, Gwaggo na gefe tana gyaɗa kai. Ba mugun mutum ba ne, fara'a gare shi, sai dai komai a wurinsa ciniki ne. Ya ce shi zai mayar wa gwamnati duk abin da ta kashe a kan Auta, a warware sharaɗin. Ba ƙauye, ba daji. Ta zauna a asibitinsa, tana leƙowa ta taga ta hango rufin garejin Baba.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta shiga Baba, Auta ta gani a fuskarsa.

Da yamma ta bi shi gareji. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe a cikin kwanon fetur. Ta durƙusa a gabansa, ba ta damu da man da ke ƙasa ba, hawaye sun riga magana fita.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Wallahi bai san ya yi ba."

"Ya san hanyar aljihunsa dai."

"Haka aka koya mana, Baba, kowa a..."

"An koya muku in kun gaisa da uban yarinya ku wanke?" Bai ɗaga murya ba, bai ɗago kai ba. "Auta, da hannun nan na ɗauke ki ranar da aka haife ki. Da shi na saya miki littafin farko, wanda kika yayyaga kika ci rabi. Manyan mutane sun zo nan, ban taɓa ba su tafina ba, don kada in ga abin da na gani a falona. Shi na ba."

Kuka ya ƙwace mata. Ta ce ya hukunta ta ita, ta ce in aka yi rabon nan ba a tsayar da magana ba za a jefa su wuri biyu da ko waya ba lallai ta haɗa su ba, ta ce ita aikin take so, ba zama a saman shago ba. Ta ce akwai garuruwan da mace ke naƙuda ba mai karɓar haihuwa, kuma don irin su aka biya mata karatun.

Baba ya zaro tsummansa ya goge hannu. Ya ce wanda ya yi ƙyamarsa yana kusa, in ya tafi da ita nesa me zai yi? Ya ce gobe zai je asibitin da kansa ya gaya wa Babbar Sista a cire sunanta daga rabon.

*

Ɗakin kwantar da maza ya cika maƙil washegari, har an shimfiɗa wa wasu katifa a baranda. Ma'aikatan da ya kamata su yi aikin safe, ɗaya ta koma wani asibitin kuɗi, ɗaya ta bar ƙasar, ba a maye gurbinsu ba. Babbar Sista ce kaɗai, sai ɗalibanta: Auta, da Agogo, da wasu 'yan ƙaramin aji su biyu da ba su gama sanin hannun dama da na hagu ba.

Auta na rabon magani ta ji sallamar da ta sani. Cokalin awo ya kusa suɓuce mata.

Baba ne, da kayan aikinsa, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwa, ko ɗauraya bai yi ba. Ta gane da gangan ne. Mai Kemis na bayansa yana kaɗa makullin mota.

Babbar Sista ta saurari rabin maganarsa tana ɗaura wa wani ƙarin ruwa. Ta ce ta ji, amma ya dubi ɗakin nan da idonsa, in ya ga wanda zai riƙe mata ta zauna a ofis to ya nuna mata. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, in ta sami sarari za ta kira shi.

Baba ya zauna. Agogo ya hango shi daga can ƙarshen ɗaki, ya rusuna daga nesa, bai sami amsa ba, ya koma kan ƙafar da yake wankewa kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Mai Kemis bai iya zama ba. Ya zagaya ya sami 'yan ƙaramin ajin nan a bakin famfo yana ba su lambar wayarsa, yana cewa in sun gama kada su wahalar da kansu, asibitinsa na neman hannu. Babbar Sista ta jiyo. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zo ta tambaye shi ko kasuwa ya ga an ci a nan. Ta ce irinsa ne suka kwashe mata ma'aikata ta koma tana aikin mutum uku da ƙafa mai ciwo, yanzu kuma ya biyo ta har gida zai kwashe na cikin ƙwai. Ya yi dariya ya ce wasa yake yi, ta ce ya je ya ƙarasa wasan a mota. Ya fita yana dariyar, ya ce wa Baba yana jiransa a waje.

Auta na aiki, rabin idonta na kan benci. Baba na zaune kamar an dasa shi, idanunsa na bin ɗakin. Duk lokacin da aka turo gadon ɗaukar marasa lafiya, mai taya ɗaya da ke kuka tana ja gefen hagu, sai ta ga ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa.

Da ta gama layinta ta yi ƙarfin hali ta je ta durƙusa a gabansa. Kafin ta yi magana ya kama hannunta, ya ce ta je ta ɗauko jakarta, tun da matar nan ba ta da lokacinsa su tafi, ya dawo wani lokaci. Ta ce ba za ta iya barin ɗakin haka ba. Ya ce ba shawara yake ba ta ba.

Sai wani tsoho a gado na kusa ya kira ta. "'Yata, zo ki gyara mini filon nan, wuyana ya ƙage."

Ta ce tana zuwa, ta zare hannunta daga na Baba ta miƙe. Akwai kwalbar sanitaiza maƙale a bango kusa da ƙofa. Ta danna. Ta murza ciki, ta murza baya. Tana tsakanin yatsu ne warin ya daki hancinta, ta tsaya cak.

Ta juyo a hankali. Baba na kallon hannunta.

"Ke ma?" ya ce.

Ta dubi hannun nata. "Baba, wallahi ban san na yi ba. Wallahi ban sani ba." Hawaye suka ɓalle, maganar na fita a guje tana tuntuɓe. "Tun shekarar farko Babbar Sista ke bin mu da biro tana ƙwanƙwasa mana yatsu. In ka taɓa mutum, ko waye, ko lafiyarsa ƙalau, ba ka taɓa na gaba sai ka goge. Ta ce ba ta son mu tsaya tunani, so take hannun ya riƙa yi da kansa. Ranar nan Umma ta miƙo mini jaririn Yaya, sai da na goge kafin na karɓa, har Yaya ta yi fushi. Baba, ni zan yi ƙyamar hannunka? Ni?"

Tsohon nan na kan gado ya sake kira, ya ce in kuka za a yi a gyara masa filon tukuna ya ji daɗin kallo.

Ta je. Ta gyara filon, ta juya shi, ta ba shi ruwa, hawaye na ɗiga a zanin gadon. Na kusa da shi ma ya ce a duba masa allurar hannunsa, na gaba ya ce fitsari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma tsakanin kowane biyu hannunta na zuwa bango, tana gani, ba yadda za ta yi ta hana shi.

Da ta ɗago ta dubi bakin ƙofa, bencin ba kowa.

*

Ta fita baranda da gudu. Motar Mai Kemis na nan a ƙarƙashin bishiya, shi kaɗai ne a ciki yana waya. Ta juyo ke nan ta ji ƙarar ƙarfe daga lungun da ake ajiye kayan aiki.

Ƙafafu ta fara gani, ƙafafun da duk unguwa ta sani, sun leƙo daga ƙarƙashin gadon ɗaukar marasa lafiya. Agogo na tsaye ya ɗaga gefe ɗaya na gadon sama da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun fito, baƙin mai ya ja layi a gaban farar rigarsa.

"Ɗaga sosai," in ji muryar Baba daga ƙasa. "Abinci ba ka ci ne?"

Ashe Agogo ya zo wucewa da gadon, tayar na kuka, Baba ya miƙe ya tare shi ya ce shi dai ba zai zauna yana jin wannan abin kunyar ba. Da sifana yake yawo a aljihu dama, kusa da tsumma.

Auta ta maƙale a jikin bango, ta toshe baki da hannu biyu.

Baba bai yi sauri ba. Ita da ta san aikinsa ta san tayar nan ba ta kai rabin lokacin da ya ɗauka ba. Daga ƙarƙashin gadon yake jefo tambaya, yana ƙwanƙwasa ƙarfe tsakani. Wane irin wuri ake tura mutane? Akwai hanyar mota? Da damina fa? In motar asibiti ta lalace wa ke gyarawa? In yarinya ta yi zazzaɓi a can, su biyu ne kawai ma'aikata, wa zai kula da ita, wa zai kula da ɗaki? Agogo na amsawa da guntun numfashi, hannuwansa na karkarwa, gumi na shiga masa ido. Inda bai sani ba ya ce bai sani ba. Da aka zo ta ƙarshe ya ce ita zai fara dubawa, sauran su yi masa haƙuri, in an kore shi an kore shi.

Baba ya ƙarasa ɗaure tayar. Sannan ya ce ya sauke.

Ya fito yana kakkaɓe wando, ya tura gadon gaba, ya jawo shi baya. Ko ƙis. Babbar Sista, wadda ta biyo sahun gadonta da faɗa a baki, ta tsaya ta tura da yatsa ɗaya, ya tafi sumul. Ta ce shekara nawa tana rubutawa a gyara mata abin nan.

Baba ya juya ya fuskanci Agogo. Ya buɗe tafinsa, baƙi ƙirin, da sabon mai a kan tsohon, ya miƙa.

Agogo ya kama da hannu biyu, ya riƙe gam. Ya fara ba da haƙuri, Baba ya ce ya ji wannan tun yana ƙarƙashin mota. Suka saki.

Hannun Agogo ya nufi aljihu. Hannun Baba ya nufi aljihu.

Agogo ya farga da kwalbar a rabin hanya, ya daskare, idanunsa kamar za su faɗo. Baba kuwa har ya goge yatsu biyu kafin ya lura da inda kowa ke kallo. Ya dubi tsumman da ke hannunsa kamar wani ne ya saka masa.

Babbar Sista ce ta fara fashewa da dariya, ta dafa gadon da aka gyara, ya gudu da ita.

"Tun yaushe nake wannan?" Baba ya tambaya, ba tare da ya kalli kowa ba.

"Tun kafin a haife ni, Baba," Auta ta ce, tana dariya tana kuka. "Ko kaina ka shafa sai ka goge."

Baba ya yi gyaran murya. Ya miƙa wa Agogo tsumman, ya ce ya share gaban rigarsa ya daina ba mutane kunya. Sannan ya buɗe masa tafi.

"Zuba mini naka in ji."

Agogo ya matsa masa, har ya zuba da yawa. Maganin ya shiga tsagogin fatar Baba, ya ja iska ta haƙori, ya ce lallai yaran nan kuna shan wuya. Ya murza ciki, ya murza baya, ya tsaya. Auta ta matso ta kama hannun ta nuna masa tsakanin yatsu.

"Ka gaya wa manyanka su zo kafin a yi rabon nan," ya ce, idonsa a kan yatsunsa. "Mai motar can ni zan sallame shi, ni na shiga motarsa." Ya ɗago ya dubi Auta, gefen bakinsa na motsi. "Gwaggonki kuwa, ke za ki gaya mata. Ni ina da motar da zan shiga ƙarƙashinta."

Auta ta ji kamar ta yi tsalle ta taɓo silin, ta kuma tuna fuskar Gwaggo, duk a lokaci ɗaya. Ta juya ta dubi Agogo ko zai ce wani abu.

Ya kai hannu ƙirji ya ɗago agogonsa ya duba, ya bar baƙin tambarin yatsa a kan gilashin.